Taken da Ban Binne Ba

Gwarzo, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya haɗa ka da abokan zama nagari a ƙasar da ba ka san kowa ba, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Innarka ce za ta cusa takardar a jakarka, ƙarƙashin ƙullin yaji, don haka in ta sa ka atishawa ba laifina ba ne. Ka yi haƙuri da rubutun kuma, na yaƙi da jahilci ne, sai ka bi shi a hankali.

Za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma sai na rubuto maka wasiƙa. Sau uku ina kiranka zaure a makon nan, in ka zo ka durƙusa sai in ce miƙo mini buta. Bakin ne ya ƙi buɗuwa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ga ubanka yana fafewa, don ba shi da yadda zai yi.

Ba zan cika ka da maganar salla da kiyaye abokai ba, innarka ta yi wannan har muryarta ta dushe. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Ka gaya mini malamanku na jami'a sun ce kowane sabon ɗalibin kiɗa ya zo da kiɗa ɗaya na garinsu, ya rubuta shi a takarda, a ƙarshen zango ya kaɗa a gabansu, sannan a raba wa 'yan ajin kowa ya koya. Ka ce kai ka riga ka zaɓi naka, wanda yatsuna suke yi a kan benci in ina ɗinkin takalma, har ka rubuta shi a littafinka. Ka faɗa kana murna, kana jiran in taya ka. Na ce Allah Ya taimaka, na tashi na fita. Abba, kada ka kaɗa kiɗan nan, kada kuma ka ba kowa. Yana da mai shi, mai shi kuma ya rasu tun ba a haife ka ba.

Ka san mu makaɗan gangar noma ne tun kaka da kakanni. Kakanka, wanda ka ci sunansa, shi ne makaɗin manoman Durun, ni kuma a bayansa na tashi ina rataye da ƙaramar ganga. A sana'ar nan kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, wato kiɗan da ke kiransa shi kaɗai. Ranar gayya, in maza suka jeru a bakin gona kowa da garmarsa, makaɗi yana biye da su. Duk wanda aka kaɗa wa takensa sai jikinsa ya ɗauki tsuma, ya manta da gajiya, ya yi ta kifa ƙasa har sai an sauya kiɗa. Kakanka ƙa'idojinsa biyu ne. Ba a ba mutum taken da ba a san asalinsa ba, kuma in mai take ya rasu ana binne taken, ba a sake kaɗa shi. Na karya duka biyun, na ƙara da ta uku wadda bai ma yi zaton sai an faɗa wa mai hankali ba.

Ina saurayi, wata ranar kasuwa na dawo daga Kabo a ƙafa, riƙe da fatar akuya da za mu ɗaura wa ganga. Rana ta take, ina sauri, sai na yanke ta wani kufai da ke bayan Gude. Tsoffin gidaje ne da mutanensu suka tashi tun kafin a haife ni, ganuwar ta zube, tafasa ta cinye tsakar gida. Ina tsakiyar wurin na ji lugude. Tabare uku ne a turmi ɗaya, yadda mata suke yi in suna dakan biki. Na tsaya na waiga, ba hayaƙi, ba kaza, ba muryar kowa. Amma dakan yana nan kusa da ni, bayan wani guntun bango da bai kai kafaɗata ba.

Mai hankali da ya yi bisimilla ya ƙara sauri. Ni kuwa kunnen makaɗi ne ya cuce ni, don ban taɓa jin lugude mai daɗinsa ba. Tabarya biyu suna sauka tare, ta ukun tana ɗan jinkirtawa, kamar an yi kira ana jiran a amsa. Na ɗora fatar a cinyata na fara binsu da yatsu. Na kuskure, na sake, na kuskure. Karo na huɗu na kama shi daidai, da jinkirin da komai. Ina kama shi dakan ya ɗauke ɗif. Na leƙa bayan bangon, ba komai sai wani tsohon turmi a kife, gara ta cinye rabinsa. A nan ne tsoro ya zo mini, na ruga, amma na riga na ɗauko abin da na ɗauko.

Da yamma na ɗora shi a ganga a ƙofar gida. Kakanka yana alwala, sai ya tsaya da ruwa a hannu.

Ya ce, "Garba, wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Ni na yi shi, Baba."

"Kai ka yi shi?"

"Ni na yi."

Ya ce, "To, Allah Ya sa kai ɗin ne." Ya ƙarasa alwalarsa, bai sake tayar da maganar ba.

Ka ce a can za a koya muku yadda ake shirya sabon kiɗa. Madalla. Amma ka sani ba wanda ke yin kiɗa daga iska, kowa a wani wuri yake ji. Ka san ƙofar da ka karɓo naka, ka yi sallama, ka ga fuskar wanda ya amsa. In malaminka ya tambaye ka ina ka samo, ka faɗi gaskiya ko da za ta rage maka maki. Kiɗa cike yake da garinmu. Ga dakan innarka, ga gudumar maƙera a bakin kasuwa, ga bugun masu rini. Duk masu rai ne, kana iya zuwa ka ce su ba ka, su yi dariya su ce ka ɗauka. In kana neman abin da za ka kai wa malamanku, daga cikin waɗannan ka zaɓa.

Kiɗan na ba wa abokina Ilu. Mutumin Gude ne, shi kaɗai Allah Ya bar wa uwarsa, Inna Kulu. Dogo ne, mai wushirya, ba ya magana sai da dariya. Bahago ne kuma, saran garmarsa daban yake da na kowa, ko daga nesa ka ga kunyar da ya huɗe ka san tasa ce. Ba shi da take a lokacin, sai na sa wa kiɗan kalmomi na ce ga naka. Kalmar farko ita ce "taso". Sauran ba zan rubuta su ba. Tun ranar da na fara kaɗa masa, ba a ƙara samun wanda ya wuce Ilu a gona ba, daga Gude har Durun. Sunansa ya fita, nawa ya bi shi.

Sai ga shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu da ba mu da aljihun, ciki muka tsuke. Takin zamani ya ɓace, taraktar da ake haya ta tsaya ba kayan gyara, mai gona ba ya iya ɗaukar 'yan ƙodago. Sai mutane suka koma wa gayya ka'in da na'in, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan. Kowa yana kuka, mu makaɗa kasuwarmu ta buɗe. Kaina ya kumbura, Abba, har ina ganin da gangata ake ciyar da ƙasar.

Wata gayya aka yi a Durun a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon gero bai nuna ba. Mai gonar ya gayyato samarin Sabon Birni da makaɗinsu, aka raba gonar biyu, mu da su. Ilu ya zo a makare, idanunsa sun yi ɗorawa, leɓensa ya bushe. Ya ja ni gefe.

Ya ce, "Garba, don Allah yau ka bar ni. Kwana uku ke nan ina zazzaɓi, tun jiya ba abin da ya shiga cikina sai ruwa. Na zo ne kawai don kada a ce Gude ba ta zo ba. Zan bi sahu a hankali. Kada ka kira ni."

Na ce, "Haba Ilu, sai ka ce ba ni ba? Na ji. Je ka abinka."

Na riƙe alkawarin har rana ta kusa tsaka. Sai mutanen Sabon Birni suka ba mu rata, makaɗinsu ya juyo yana kaɗa mana kiɗan 'yan mata, wai mu ajiye garma mu ɗaura zane. 'Yan matan da suka kawo fura suna ta shewa. Zuciya ta ɗebe ni. Na gyara ratayar ganga, na saki taken Ilu.

Ya ɗago ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Sannan ya sunkuya. Ban taɓa ganin noma irin na ranar nan ba. Ƙasa tana tashi, yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, ana ihu, ana jefo mini goro. Na ga jini yana ɗiga daga hancinsa a kan rigarsa. Na gani da idona, na ce bari ya kai ƙarshen kunyar nan tukuna. Ya kai, ya juyo ya kama wata, na ce bari ya kai ƙarshen wannan. Da ya kai bakin gona karo na ƙarshe ya durƙusa, ya dafa ƙotar garma, ya sunkuyar da kai kamar mai hutawa. Na nufe shi ina kiɗa ina dariya, don mun wuce Sabon Birni. Ina tsaye a kansa ina ta kaɗawa, sai wani dattijo ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Ya isa, makaɗi. Wanda kake kira ya tafi."

Kowa ya ce ajali ne, kuma ajalin ne. Amma ba wanda ya ji abin da ya roƙe ni a gefen gona. Innarka ma ba ta sani ba, kai ne mutum na farko da na gaya wa. Ina son Ilu fiye da wasu da muka sha nono ɗaya, kuma ni na tura shi, saboda wani ya yi mini dariya.

Malamanku za su koya maka ka sa ido a takarda da hannun mai ba da umarni. Ka koya, amma ka riƙa ɗago kai. Ganga tana shiga jikin mutum ba da izininsa ba, mai rawa da mai aiki da mai sauraro duk ba su iya ce mata a'a, kai ne kawai za ka iya. In wanda kake wa kiɗa ya ce ka bari, ka bari nan take, ko duk duniya tana tafa maka. Kuma in wani makaɗi ya tsokane ka a gaban jama'a, ka bar shi ya ci ranar. Gobe ma akwai wata gonar.

Bayan sadakar arba'in kakanka ya kira ni ya ce in je in binne taken. Yadda ake yi a gidanmu, makaɗi zai je gonar mamacin shi kaɗai da rana, ya kaɗa taken sau ɗaya daga farko har ƙarshe, ya ce, "Wane, ka huta, ba za a ƙara kiranka ba." Sai ya sassauta tsarkiyar da ke ɗaure fatar gangar, ya yi masa addu'a, ya dawo gida ganga ba ta yi ƙara ba. Na rataya ganga na tafi. Na kai bakin Gude, na hango gonar, na hango gidan Inna Kulu a jikinta, sai na zauna a gindin wata bishiya har la'asar na juyo. Na gaya wa kaina kunyar tsohuwar nake ji. Akwai wannan, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Ba ni da kiɗan da ya kai shi, ina jin rowar in rasa shi. Kakanka ya tambaye ni, na ce na binne. Da ranin nan ya rasu yana ganin ɗansa mai gaskiya ne.

Damina ta zagayo aka kira ni wata gayya a Durun. Maza ashirin ne, ni na ƙirga su, don makaɗi sai ya san yawan mutanensa da taken kowa. Rana ta yi zafi, aiki ya yi sanyi, mai gona yana ta kallona. Ba zan ce hannuna ne ya kuɓuce ba, da gangan na yi. Na ce a raina in ban furta kalmomin ba ai kiɗa ne kawai. Na kaɗa.

Ba wanda ya yi ihu. Mazan nan suka yi tsit, ba ka jin komai sai saran garma, iska ma ta tsaya. Suka kai ƙarshen gona suka miƙe, kowa yana guje wa idon ɗan'uwansa. Mai gona ya bi sabbin kunyoyin yana ƙirgawa, ya dawo ya sake ƙirgawa.

Ya ce, "Jama'a, mu nawa ne?"

Aka ce ashirin.

Ya ce, "To wa ya yi ta bakin shinge?"

Muka je muka duba. Kunya ce ta ashirin da ɗaya, ƙasarta ɗanya, miƙaƙƙiya daga farkon gona har ƙarshe, ta fi sauran tudu. Saran na bahago ne. Ba wanda ya ce shi ya huɗe ta, ba kuma wanda ya ambaci sunan da kowa yake tunani. Wani tsoho ya ce a yi addu'a a tashi haka nan.

Muna tattara kaya sai ga Inna Kulu tafe da sanda, da ƙwaryar fura a kai. Daga Gude take a ƙafa, kuma ka san tsakanin Gude da Durun ba a jin ganga ko iska ta taimaka.

Ta ce, "Sannunku da aiki. Ina Ilu?"

Mai gona ya ce, "Inna, ai Ilu ya riga mu gidan gaskiya. Sai haƙuri."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan, ai a gabana aka fita da shi. Amma ɗazu na ji an kira shi. Na ji ƙarar ƙyauren ɗakinsa, na leƙa ba garmarsa a inda take rataye. Ka san bai karya ba ya fita."

Sai ta juyo wajena. Idanunta sun riga sun yi yana, amma daidai fuskata ta duba.

Ta ce, "Garba, kai ne ko? Ka bar mini yaro ya kwanta. Ya gaji."

Ta je ta ajiye ƙwaryar a bakin kunyar nan, ta juya ta kama hanya. Har muka watse ba wanda ya taɓa furar.

Na san abin da malamai suka karantar da mu, wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma na yi imani da haka. Mai yiwuwa wani ne ya huɗe biyu ya ji tsoron faɗa. Mai yiwuwa abin da ke daka a kufai ne ya zo karɓar kayansa. Ban ce Ilu ne ba. Abin da idona ya gani na gaya maka, kai mai boko sai ka auna.

Za ka ce ai daga nan na je na binne. Ban je ba. Binnewa sai an sake kaɗawa, ni kaɗai, a gonarsa, ni kuwa ko hanyar Gude na daina bi. Na ci gaba da kaɗa wa sauran manoma takensu, amma na Ilu ya koma yatsuna, ina cin abinci suna yi, ina zaune a masallaci sai in danne su da gwiwa. In ka yi ɓarna, Abba, ka gyara tun tana ɗanya. Tafiyar da ta gagare ni a rana ɗaya saboda rowa, ita ce ta gagare ni shekara da shekaru saboda tsoro, gonar kuma ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Mun dawo Gwarzo da zama kana ƙarami. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, Malam Idi, mai koyar da ku a Islamiyya, ya zo zaurena da dattawa biyu.

Ya ce, "Garba, ka ga yadda zamani ya juya. Ba da faɗa muka zo ba. Kiɗan bukukuwa ne da ake cakuɗa maza da mata ake so a bari. Naku na noma kuwa sai a zauna a duba."

Ban bari ya rufe baki ba. Na shiga ɗaki na kwaso gangunan gidanmu, har da ta kakanka, na sa wuƙa na farke fatunsu a gabansu.

Malam Idi ya ce, "Subhanallahi! Ai ba mu ce ka yanka ba."

Na ce na tuba ne. Labari ya bazu, aka riƙa ba da misali da ni a wajen wa'azi, daga Garba Maiganga na koma Malam Garba baduku. Na karɓi girman ina sunkuyar da kai. Alhali ba tsoron Allah ne ya riƙe wuƙar nan ba. Inuwa na samu na fake, ta yadda ba wanda zai sake kirana gona ya tambaye ni me ya sa yatsuna ba sa hutawa.

Kai ka biya wannan. Ka tuna ranar da na same ka a bayan gida kana kiɗa a kan jarka, na zare maɗaurin fata na yi maka dukan da ka kwana biyu ba ka zauna ba, ina ihu ina cewa haramun ne? Ba don jarkar na doke ka ba, kuma ba don haramun ba ne. Taken Ilu kake kaɗawa, ka tsince shi daga yatsuna ba ka sani ba. Ka yafe mini, ɗana. Na yi maka zalunci, na kuma jingina shi ga addini, wanda shi ne ya fi muni. A can za ka haɗu da masu ce maka sana'arka saɓo ce, da masu ce maka ba komai a cikinta. Ka tambayi malaman da ka yarda da iliminsu, ka bi abin da ya tabbata a zuciyarka. Amma in tsoro ne ya hana ka abu, ka kira shi tsoro, kada ka sa masa rawani. Da na gaya maka gaskiya a ranar nan da ba mu kai ga wannan takarda ba.

Shekaranjiya Talata, da na ce muku zan je Kabo sayen fata, Gude na je. Na ari ganga a wajen wani tsohon abokin sana'a, na naɗe ta a buhu. Inna Kulu ta daɗe da rasuwa, gidan ya rushe, gonar tana hannun wasu, sun shuka masara. Rana tana tsaka na shiga, na tsaya a inda nake zaton nan ne tsakiya. Na kaɗa taken Ilu daga farko har ƙarshe, hannun bai manta komai ba. Na ce, "Ilu, ka huta, ba za a ƙara kiranka ba." Na roƙe shi gafara da babbar murya, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne shi. Na sassauta tsarkiya, na yi masa addu'a. Ba abin da ya faru, ko ganyen masara bai motsa ba. A mota ina dawowa na dubi hannuna a kan gwiwa, na ga yatsun a kwance lakadan. Rabon da in gan su haka tun ba ka zo duniya ba.

Na iso gida da la'asar zuciyata fes. Ina sa ƙafa a zaure na ji kiɗan yana fitowa daga ɗakinka. Kai ne, kana duba littafinka kana bugawa da fensir a kan tebur, da jinkirin bugu na uku da komai, ba ka kuskure ko ɗaya ba. Na dubi hannuna, ya riga ya fara.

A nan na gane abin da kakanka bai sani ba. A zamaninsa take a hannun mutum ɗaya yake zaune, in ya binne ya binnu. Ku kun samo hanyar da za a ajiye shi a takarda, wanda bai taɓa ganin Gude ba ya buɗe ya kira mutumin da bai sani ba. Ka ce ajinku kun kusa talatin, kuma tare za ku riƙa kaɗawa a babban ɗaki. Ganga ɗaya ce ta yi abin da na gaya maka a Durun.

Jiya da ka tafi yi wa gwaggwanninka sallama, na shiga ɗakinka na ɗauki littafin da niyyar in yage shafin in huta. Na buɗe. Layuka ne biyar-biyar da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, shafi bayan shafi, duk iri ɗaya. Na juya gaba, na juya baya, na kifa shi, har kunne na kanga a jikin takardar kamar wawa. Ni da na ɗauko kiɗan nan daga kufai, na kashe abokina da shi, na kwana da shi shekara ashirin da ɗoriya, ga shi a hannuna ban gane shi ba. Na fito da littafin tsakar gida na tsaya a gaban murhu, wuta tana ci. Sai na tuna wahalarka ce ta shekara uku a ciki. Na taɓa dukanka a kan laifina, ba zan ƙona maka littafi a kansa ba. Na mayar da shi yadda na same shi.

Saboda haka abin ya fita daga hannuna. Ba ni da ikon tilasta maka, kana can nesa, kuma na san shi ne mafi kyau a cikin abin da ka rubuta, na san yadda rowarsa take. Roƙonka nake yi. Ka yage shafin, kada ka kwafe, kada ka nuna wa malami ko aboki. Ka sami wuri mai ƙasa da rana, ka haƙa rami ka sa shi, ka faɗi abin da na faɗa a gonar, ka yi masa addu'a. Kai kaɗai ka san shafin da Ilu yake.

Allah Ya yi maka albarka, Ya buɗa maka ilimin da ka je nema, Ya tsare hannunka daga cutar da kowa. Allah Ya kiyaye ka a zaune da tafe, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba su hutu. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba.